Yadda Ake Zaɓar Sabulun Aski Ga Mai Amfani Da Aska

Aska ba ta da shinge. Rezar zamani an yi mata ɗan ƙarfe ko roba a gaban kaifin, wanda ke danne fata ya rage ɓarna idan hannu ya kuskure. Aska kuwa kaifi ne tsirara a kan fata tsirara. Abin da ke shiga tsakaninsu kawai shi ne ɗan siririn ruwan sabulun da ka shafa. In ya yi kyau, askar ta wuce sumul. In bai yi ba, fatarka ce za ta biya.

Ga kuma jinkiri. Mai reza kan share gefen fuska cikin ɗan lokaci. Mai aska sai ya ja fata da hannu ɗaya, ya kwantar da askar a kusan digiri 30 ko ƙasa da haka, ya ja ta kaɗan, ya tsaya ya goge bakinta, sannan ya dawo. Sabon shiga kan ci minti 20 ko fiye. Duk lokacin da kake fama da kumatun dama, kumfar da ke na hagu tana nan tana jiranka. Idan ta bushe kafin ka iso, askar za ta riƙa cijewa tana tsalle, kuma a wurin tsallen nan jini ke fitowa.

Ni a ƙarƙashin muƙamuƙina na hagu na koyi wannan. Na taɓa sayen wani sabulu saboda ƙamshinsa kaɗai. Da na sa masa buroshi ya tashi kumfa tuli guda, fara ƙal kamar auduga, har na ji daɗi. Ban gama gefen dama ba sai na fara jin wata 'yar ƙara kusa da kunnena, ashe ƙwayoyin kumfar ne ke fashewa. Da na juyo gefen hagu, abin da ya rage wani fari-fari ne kamar an barbaɗa hoda. Ban sake shafawa ba, na ɗora aska. Ta yi tafiyar faɗin yatsa biyu, ta cije, ta buɗe fata. Yankan bai yi zurfi ba, amma sai da na yi kwana huɗu ina kewaye wurin. Daga baya da na karanta bayan kwalin, man zaitun ne a farko, sai man kwakwa, sai yumɓu. Sabulun wanka ne aka laƙaba wa sunan na aski.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Abu uku aska ke so daga sabulu. Na farko santsi, wato askar ta zame a kan fata ba tare da ka danna ta ba. Na biyu jimiri: kumfar ta zauna a fuska da danshinta na tsawon mintoci, kada ta ɓace, kada ta bushe. Na uku shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi, kuma a wurina shi ne babba: santsin da ke saura a fata bayan askar ta kwashe kumfar. Mai aska yakan koma kan wurin da ya riga ya bi don ya ɗauke gashi biyu ko uku da suka tsira, musamman a haɓa da ƙasan leɓe. Idan fatar ta riga ta yi ƙamas, wannan komawar ce ke jawo raɗaɗi.

Yawan kumfa ba ya cikin ukun nan. Kumfa mai tsayi iska ce ta yi mata yawa, iska kuwa ba ta da santsi. Tana kuma ɓoye maka tsarin fuskarka, alhali mai aska yana bukatar ganin inda ƙashin muƙamuƙi ya lanƙwasa da inda ƙurji ko tawadar Allah take. Saboda haka ne ma kumfar gwangwani, wadda ake fesowa, ba ta dace da aska ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mataki na biyu: dubi fatarka, gemunka da ruwanka

Kafin ka dubi kowane sabulu, ka tambayi kanka yadda fuskarka ke yi bayan ka wanke ta da sabulun wanka. Idan tana ɗaurewa tana yin fari, fatarka busasshiya ce, za ka nemi sabulun da aka bar wa maiƙo a ciki, irin su man kaɗanya, lanolin (maiƙon ulun tumaki) ko gilisarin mai yawa. Idan tana yin maiƙo tun kafin rana ta take, ba ka bukatar mai nauyi sosai. Idan kuma turare ko man shafawa na sa ka ƙaiƙayi ko ja, to ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar ƙamshi.

Dalilin da ya sa wannan tambaya take da muhimmanci shi ne, kowane sabulu na gaskiya yana da kaifin soda. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami da kaifin soda, yakan tsaya wajen 9 zuwa 10, fatar mutum kuwa tana wajen 5. Wannan bambancin yana da amfani, domin shi ke taimakawa gashi ya kumbura ya sha ruwa ya yi laushi. Amma mai aska yana barin sabulun a fuskarsa fiye da kowa, ya shafa sau biyu ko uku. Sabulun da mai reza ba zai ji komai da shi ba cikin minti 3, kai yana iya bushe maka fata cikin minti 20.

Gemu mai kauri da tauri yana son kumfa mai riƙe ruwa da yawa, tunda ruwa ne ke tausasa gashi, sabulu aikinsa ya tsare ruwan a wurin. Gashi na bukatar kamar minti 2 zuwa 3 a jiƙe kafin ya yi laushin da ya kamata. Mai gashi murɗaɗɗe, wanda ke fama da ƙurajen aski a wuya, ya san cewa gashin ne ke lanƙwasawa ya koma cikin fata. Babu sabulun da ke maganin wannan. Abin da sabulu mai kyau zai yi maka shi ne ya rage yawan bin wuri ɗaya, kuma kada ya ƙara wa fatar haushi. Sauran aikin na hannunka ne: ka bi gashi ta inda ya kwanta, kada ka ja fata fiye da kima. In ƙurajen sun yi tsanani ko suna ruwa, likitan fata ne maganarsu.

Sai ruwa. Ruwan da ke da kalsiyam da magniziyam da yawa yana kashe sabulu, domin sinadaran suna haɗuwa da shi su zama wani farin dauɗa maimakon kumfa. Alamarsa ba ta ɓuya: farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, farin tabo a bakin famfo, da sabulun wanka da ke wahalar kumfa. In haka ruwanka yake, ka fi karkata ga sabulu mai laushi, kuma ka nemi wanda aka rubuta masa Tetrasodium EDTA, Tetrasodium Etidronate ko Sodium Citrate a ƙarshen jerin kayan haɗinsa. Aikinsu shi ne su kama waɗancan sinadaran kafin su ɓata kumfa.

Mataki na uku: zaɓi siffar da za ta yi maka sauƙi

Akwai mai tauri, wanda ke zuwa kamar faifai. Mafi taurinsu an busar da shi ne, aka bi da shi ta cikin na'urar niƙa mai naɗin ƙarfe sau da yawa har ruwa da iska suka fita. Yana daɗewa ƙwarai, ɗaya mai nauyin giram 100 kan yi watanni, kuma ba ya saurin lalacewa. Tsofaffin gidajen kayan aski na Landan, irin su D.R. Harris da aka kafa a 1790 da Geo. F. Trumper na 1875, an san su da wannan siffa. Wahalarsa ɗaya ce: yana son haƙuri wajen ɗibarsa da buroshi, kuma yawancin masu cewa sabulu mai tauri ba ya kumfa, ɗibar ce ba su yi da kyau ba.

Akwai mai laushi, wanda in ka danna da yatsa zai lotsa. Italiya ta shahara da shi. Cella na birnin Milan, mai ƙamshin almon, yana nan tun 1899, akwai kuma Proraso na wajen Fulorans. Irin wannan yana hawa buroshi cikin daƙiƙa kaɗan kuma yana jure ruwa mai wuyar sha'ani. Ga wanda bai daɗe da fara riƙe aska ba, shi nake ba da shawara, don hankalinsa ya tafi ga hannunsa ba ga fama da kumfa ba.

Akwai na sanda, kamar Arko na Turkiyya, wanda ake gogawa kai tsaye a jiƙaƙƙen gemu sannan a bi da buroshi. Yana da daɗin tafiya, kuma gemu mai tauri da kansa yake kankare abin da ya ishe shi. Akwai kuma mai haske kamar gilashi, wanda ake narkarwa a zuba a mazubi. Yana da santsi na ɗan lokaci, amma da yawa daga cikinsu kumfarsu ba ta jira.

Buroshi ma yana shiga lissafi. Buroshi mai taurin gashi ya fi iya kankaro sabulu mai tauri, mai laushin gashi kuwa sai ka ƙara masa lokaci. Ana yin buroshin aski da gashin doki, da na wata dabba dangin dage, da na alade, wanda ake rubuta wa Boar ko Pure Bristle, da kuma zaren roba. Na robar zamani ya yi kyau sosai, ba ya bukatar jiƙo, yana saurin bushewa, kuma yana aiki da kowane irin sabulu.

Mataki na huɗu: juya kwalin ka karanta bayansa

A nan zaɓin yake, don haka kada ka yi sauri. Gaban kwali talla ce, bayansa ne ke faɗin gaskiya. A Tarayyar Turai da ƙasashe da yawa, doka ta sa a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama a ƙarshe. Wato sunaye huɗu ko biyar na farko su ne sabulun.

Sunan da kake so ka gani a farko ko na biyu shi ne Stearic Acid, ko Potassium Stearate da Sodium Stearate. Wannan sinadarin sitiyarik shi ne ƙashin bayan sabulun aski. Shi ke ba da kumfa mai ƙananan ƙwayoyi, mai kauri, mai daɗewa. Ɗan'uwansa na kusa shi ne wanda ake samu da yawa a man ja, za ka gan shi da sunan Palmitic Acid ko Potassium Palmate, shi ma yana aiki.

Kada rubutun ya ruɗe ka, hanya biyu ake bi. Wasu suna rubuta abin da suka zuba a tukunya: Stearic Acid, Tallow, Coconut Oil, Potassium Hydroxide. Wasu kuma suna rubuta abin da ya fito bayan soda ta cinye man: Potassium Stearate, Potassium Tallowate, Potassium Cocoate. Duk abu ɗaya ake nufi.

Abu na biyu, dubi wace soda ce ta fi yawa. Sabulun wanka da sodiyam ake yin sa, shi ya sa yake da tauri. Na aski yana bukatar fotasiyam, domin sabulun fotasiyam ya fi laushi, ya fi saurin narkewa a ruwa, ya fi saurin hawa buroshi. Yawancin masu kyau suna haɗa biyun ne, fotasiyam ya fi yawa. In ka ga jerin ya fara da Sodium Palmate da Sodium Palm Kernelate, ka duba har ƙasa ba ka ga fotasiyam ko sitiyarik ba, to ka yi hattara, tsarin sabulun wanka ne.

Sai kitse. Tallow kitsen shanu ne ko na tumaki da aka narkar aka tace. An daɗe ana yin sabulun aski da shi, kuma yana ba kumfa nauyi da santsi mai kyau. Cella mai jan mazubi da Arko duk suna da shi. Amma kada wani ya ce maka sai da kitse sabulu ke yin aski. Martin de Candre na Faransa ba shi da kitsen dabba, kayan haɗinsa 'yan kaɗan ne, sitiyarik, kwakwa, fotasiyam da gilisarin, kuma masu aska suna girmama shi. Wanda ke kula da asalin kitsen da zai shafa a fuskarsa, ya san cewa na alade ana rubuta shi Lard, Sodium Lardate ko Adeps Suillus. Shi kuma sitiyarik ana samun sa daga dabba, ana samun sa daga man ja, kuma kwali ba kullum yake fayyacewa ba. In abin ya dame ka, ka nemi wanda aka rubuta cewa daga tsirrai kaɗai aka yi shi, ko ka tambayi kamfanin.

Man kwakwa shi ke sa kumfa ta tashi da sauri. Kaɗan daga cikinsa alheri ne. In ya yi yawa babu isasshen sitiyarik da zai riƙe shi, ƙwayoyin kumfar kan yi girma su fashe da wuri, kuma yana bushe fata. Man zaitun kuwa, duk da kyansa a sabulun wanka, kumfarsa siririya ce mai yauƙi, ba ta tsayawa. In ka gan shi a farkon jeri, Olive Oil ko Sodium Olivate, ka ajiye kwalin. Yumɓu, wanda ake rubuta wa Bentonite ko Kaolin, yana iya ƙara ɗan santsi ga sabulun da dama can yana da kyau, amma ba ya mayar da sabulun wanka ya zama na aski.

Abubuwan da ke biyo baya su ne masu kula da fata: Glycerin mai jawo danshi, Butyrospermum Parkii wanda shi ne man kaɗanya, Ricinus Communis wato man zurma, da Lanolin, maiƙon da ake samu daga ulun tumaki. Mitchell's Wool Fat na garin Bradford a Ingila da lanolin ya yi suna, masu busasshiyar fata suna yaba shi, sai dai yana da zaɓen ruwa kuma yana son a ɗebe shi da yawa. Wasu mutane kuma fatarsu ba ta shiri da lanolin ko kaɗan.

Ka kuma sani kamfanoni na canza haɗinsu ba tare da sun canza suna ba. Tabac na Jamus da shi Mitchell's ɗin duk sun cire kitsen dabba daga haɗinsu a 'yan shekarun nan. Don haka yabon da wani ya yi wa sabulu shekara goma da suka wuce ba lallai ya shafi wanda ke hannunka ba. Wanda ke hannunka za ka karanta.

Mataki na biyar: ƙamshi ya zo daga baya

Ba na raina ƙamshi. Abu ne da zai zauna a ƙarƙashin hancinka na tsawon askin, in ba ka son sa ba za ka daɗe da sabulun ba. Amma shi ne kan gaba wajen jawo raɗaɗi da ja, kuma aska tana kankare ɗan saman fata, ta buɗe wa turaren hanya. Kirfa, kanumfari da man ɓawon lemo sun fi yawan tayar wa mutane da fata. A kwali za ka gan su da sunaye irin su Cinnamal, Eugenol, Limonene, Citral da Linalool. Kasancewar turare daga tsiro yake bai sa ya zama mai sauƙi ga fata ba.

Mentol yana da wata matsalar daban. Sanyinsa na da daɗi, amma in ya yi yawa yana rage maka jin abin da askar ke yi, sai bayan ka gama ka gane ka danna da ƙarfi. Proraso mai koren mazubi yana da mentol da man ganyen bishiyar turare, mai farin mazubi kuwa an yi shi ne don fata mai saurin haushi. In fatarka irin wannan ce, ka fara da sabulu marar turare sam. In ya karɓe ka, ka san asalin haɗin ya dace da kai, daga nan sai ka gwada masu ƙamshi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na shida: gwada shi a hannu kafin ya hau fuska

Ka sayi ƙarami, ko ɗan samfur in ana bayarwa. Da farko ka haɗa 'yar kumfa ka shafa a cikin gwiwar hannunka, ka bar ta minti 10, ka wanke, ka jira kwana ɗaya ko biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, magana ta ƙare.

In lafiya, sai gwajin kumfa. Idan sabulun mai tauri ne, ka ɗiga masa ruwan ɗumi kaɗan ya rufe samansa, ka bar shi minti 3 zuwa 5, sannan ka tsiyaye. Ka jiƙa buroshi, ka matse shi har ya daina ɗiga. Ka riƙa juya shi a kan sabulun, daƙiƙa 20 ga mai laushi, daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya ga mai tauri, har bakin gashin ya cika da wani kauri mai danƙo kamar man goge baki. Kada ka yi rowa a nan.

Yanzu koma tafin hannunka. Ka fara juyawa, kana tsoma bakin buroshin cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Ka lura da yadda abin ke canzawa. Da farko zai yi danƙo, ba ya sheƙi. Da ka ƙara ruwa zai kumbura da manyan ƙwayoyi. Ci gaba da juyawa, ƙwayoyin za su ƙanƙance har ka daina ganin su. Ƙara ruwa kuma. Akwai lokacin da kumfar za ta fara ƙyalli kamar sabon fenti, in ka ɗaga buroshin tsininta ya sunkuyar da kai maimakon ya tsaya ƙiƙam. Wannan ita ce kumfar aska. Ta fi ta mai reza ruwa, ta kusa zuba amma ba ta zuba ba.

Daga nan sai tambayoyi uku. Ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni: yatsun suna zamewa, ko kana jin zanen fatarsu yana gogar juna? Ka shafa ta a bayan hannunka da kaurin da za ka shafa a fuska, ka duba agogo, ka bar ta minti 10. Sabulu mai kyau zai ɗan bushe a gefe-gefe ne kawai, tsakiyarsa na nan da danshi. Wanda ya huje ya zama kamar raga, ko ya ɓace cikin minti 3, bai dace da aska ba. Sannan ka share kumfar da gefen yatsa kamar yadda aska za ta yi, ka jiƙa yatsa ɗaya ka bi wurin. In ya zame suluf, ka samu santsin nan mai saura. In ya tirje yana ƙara, babu shi.

Ka ci gaba da ƙara ruwa da gangan har kumfar ta rushe, don ka san iyakarta. Sabulun da ke shan ruwa da yawa kafin ya rushe ya fi sauƙin sha'ani da safe, lokacin da ba ka auna komai.

In gwajin bai yi kyau ba, kada ka yanke hukunci tukuna. Ka sake, ka ninka lokacin ɗiba. In har yanzu, ka sake da ruwan sama mai tsabta ko ruwan da aka tace ta hanyar turiri. Idan kumfar ta gyaru nan take, laifin ruwanka ne. Kofi ɗaya na irin wannan ruwan ya isa haɗa kumfa, ko kuma ka jefa ɗan tsunkulin garin Citric Acid, wato sinadarin tsamin lemo, a cikin kwanon ruwan askinka.

Mataki na bakwai: ba shi mako guda a fuska

Aski ɗaya ba ya isa a san sabulu. Ka ba shi biyar ko shida, kuma kada ka canza komai tare da shi: aska ɗaya, buroshi ɗaya, shiri ɗaya. Ka tabbata askar tana da kaifi kuma ka goga ta a fatar wasawa kafin ka fara, domin dakusasshiyar aska takan ja wa sabulu zargin da ba nasa ba. Ka shafa kumfa a duk fuskar don gemu ya jiƙa, amma ka sabunta ta da buroshi a kowane yanki kafin aska ta isa wurin.

Ka koyi rarrabe alamu. Idan askar tana fizgar gashi tun daga jan farko alhali kumfar na sheƙi, kaifi ne ya tafi. Idan tana tafiya lafiya a farko sannan ta fara tsalle bayan mintoci, kumfar ce ta bushe, ka ƙara ruwa, in hakan bai yi ba sabulun ne. Idan kumfar tana manne wa bakin askar ba ta fita da ɗauraya ɗaya, ta yi kauri. Idan fuskarka ta fara zafi tun kafin ka ɗora aska, wani abu ne a cikin sabulun, ka wanke nan take, kada ka daure. Idan kuma zafin a wuya kaɗai yake bayan ka gama, galibi danna hannu ne ko tsayar da askar fiye da kima.

Dutsen alif shaida ne mai gaskiya. Ka jiƙa shi ka bi fuskarka bayan ka ɗauraye da ruwan sanyi. Inda ya yi maka raɗaɗi, nan askar ta ci fata. Ka lura ko wuraren suna raguwa daga aski zuwa aski. Yana kuma da wani amfanin: sabulu mai santsi sosai yana hana yatsu riƙe fata, to in ka shafi alif da yatsunka za su kama. Ka wanke alif ɗin daga fuska bayan minti ɗaya, kuma kada ya haɗu da kumfar buroshinka, yana kashe ta. Bayan rabin sa'a ka taɓa kumatunka ba tare da ka shafa komai ba. In sun ɗaure kamar ganga, ka nemi sabulu mai ƙarin maiƙo.

Sabulun da ya ci wannan gwaji, ka riƙe shi da kyau. Bayan kowane aski ka tsiyaye ruwan da ya rage a mazubin, ka bar shi a buɗe ya sha iska har samansa ya bushe, sannan ka rufe. Mai laushi yana da ruwa da mai a jikinsa, zafi na iya canza masa launi da wari, don haka ka nisanta shi da rana. In babba ka saya, ka ɗebi kaɗan a ƙaramin kwano, ka rufe sauran a wuri mai sanyi. Ita kuma askar, yawanci da ƙarfe mai saurin tsatsa ake ƙera ta, kuma ragowar sabulu na riƙe danshi. Ka goge bakinta da busasshen ƙyalle daga gadon baya zuwa kaifi, ka duba kada kumfa ta maƙale a wurin ƙusar da ke haɗa ta da mariƙi, ka bar ta a buɗe ta ɗan sha iska kafin ka ninke.